Alhaji ya tambaya: takardar muhalli ce ke korar masu jari daga haƙar ma'adinai?

Salamu alaikum Alhaji, ya Tawa, ya iyali, ya zafi. Na ga tambayarka, bari in taƙaita ta saboda waɗanda ba su gani ba. Kai da abokan kasuwancinka kuna son buɗe kariyar jips, farin dutsen da ake haɗawa cikin siminti, wajen Madawa don ku riƙa kai ma masu siminti, kun kai dosiye Yamai tun bara, takardar muhalli har yau shiru, abokin haɗin gwiwarku na waje ya fara ja da baya, shi ne kake tambaya ko ba wagga takarda ba ce ke korar masu zuba jari daga Nijar, kuma mi zai hana a soke ta ko a bar ta sai aiki ya kankama a yi ta daga baya.

Amsata a gajarce ita ce jinkirin na cin kuɗɗi ƙwarai, wanda duk ya ce maka ba ya ci bai taɓa ɗaukar bashi ba. Amma tsawon jiran ba shi ke sa mai jari shi naɗe tabarmarsa ba, rashin sanin ranar da jiran zai ƙare shi ke kore shi. Kuma manyan ayyukan ma'adinai da sunka tsaya cak a ƙasar nan, da takardunsu cikakku a hannu sunka tsaya. Ni ruwan ƙarƙashin ƙasa na karanta, kuma irin waɗannan rahotanni su ne abincina tun da daɗewa, na rubuta su ma kamfanoni, na kuma zauna cikin ɗakin da ake yi masu fiɗa, to zan faɗa maka yadda nake ganin abin ba tare da kare kowa ba.

Ita takardar kanta da yawa na jin sunanta ba su san cikinta ba. Tun 1997 anka wajabta binciken tasirin aiki bisa muhalli a Nijar, babbar dokar muhalli ta Disamba 1998 ta ƙara mashi ƙarfi, sannan doka mai lamba 2018-28 ta watan Mayu 2018 da dikirin da ya biyo bayanta a Janairu 2019 sunka sake tsara abin. Biron da ke riƙe da aikin shi ne BNEE, wanda da can ake kira BEEEI, ƙarƙashin ministan muhalli. Kai mai aiki za ka kai sanarwar abin da kake son yi, su duba su sa ka cikin aji, A ko B ko C ko D. A shi ne mai nauyi, bincike mai zurfi, B bincike ne mai sauƙi, C sharuɗɗa kawai za a rubuta maka, D ba ruwanka da komi. Daga nan a amince da tsarin binciken, abin da muke kira TDR, ka ɗauki kabine, wato ofishin masana masu zaman kansu, da kuɗɗinka su shiga daji su yi aikin su kawo rapor, a tura misiyon ta je ta ga wurin da idonta ta ji ta bakin mutanen ƙauyukan, a zauna atiliye a tattauna rapor ɗin, a ba ku gyare-gyare ku je ku gyara ku maido, sannan minista shi sa hannu bisa satifiket ɗin, haɗe da kundin sharuɗɗan da za ka bi. Sai da ita ma'aikatar ma'adinai ke ba ka izinin haƙa. Ka ga kenan ba takarda guda ba ce da wani ke zaune bisanta, sarƙa ce, kuma kowane zobe na iya maƙalewa.

Yanzu maganar kuɗɗi, tunda kai ɗan kasuwa ne. Mu ƙaddara, misali kawai, kun tara miliyan 500 na sefa don wanga aiki, kuma banki na son kashi 10 cikin 100 a shekara. Miliyan 50 kenan kowace shekara, sama da miliyan 4 kowane wata, ba ku fasa dutse ko guda ba. Ko da kuɗɗinku ne na aljihu babu ruwan banki a ciki, kuɗɗin da ke kwance da sun juya sau nawa cikin albasa ko shinkafa ko siminti? Ga gadi da za a biya, ga hayar biro, ga anjiniyan da ka ɗauko ka hana shi wani aiki shina zaune shina shan shayi a kan albashi, in kuma kun yi saurin kawo injuna to rana da ƙura na cin su a banza, taya na fashewa, batir na mutuwa. Manyan kamfanoni wani lissafi suke yi, suna cewa jikar da za ka samu baɗi ba daidai take da jikar yau ba, in sun rage kashi 10 duk shekara, jinkirin shekara guda na zabge wajen kashi 9 na darajar aikin gaba ɗaya, jinkirin shekara uku na cinye kusan kwata. Ma'adinin na nan cikin ƙasa bai ragu ba, amma darajarsa a idon mai jari ta ragu, kuma aikin da ribarsa da ma ba ta taka kara ta karya ba, wannan ragin kaɗai ya isa shi kashe shi.

Ga kuma wani abu da ya bambanta ma'adinai da sauran kasuwanci, shi ne doguwar tafiya kafin a ga riba. Hukumar makamashi ta duniya cikin wani rahoto na 2021 ta ƙiyasta cewa manyan ma'adinai na ɗaukar sama da shekara 16 daga gano su zuwa fara fitar da kaya. Cikin waɗannan shekaru kuɗɗi fita kawai suke yi. Kuma farashi ba ya jiran kowa. Uraniyom a 2007 laba guda a kasuwar duniya ta kai wajen dalar Amurka 136, bayan haɗarin Fukushima na Japan a 2011 ta yi ta gangarowa har ta faɗi ƙasa da 20 a 2016, sai farkon 2024 ta sake haura 100. Wanda takardarsa ta makara da shekara biyu yana iya tarar da kasuwar da ya yi lissafi da ita ta watse, bankin da ya ce to ya koma cewa sai mun gani. To ta nan kam gaskiya gare ka, Alhaji, jinkiri na iya kashe aiki.

Amma ka lura da wani abu. Kai kanka in za ka Yamai daga Tawa, motar kamfani da ke tashi da asuba kake shiga ko da ta fi tsada, ba ta tasha ba wadda sai ta cika, alhali hanyar guda ce, nisan guda ne. Wadda ta faɗa maka lokaci za ka iya tsara ranarka da ita, ka ce ma wanda ke jiranka ga sa'ar da zan iso. Haka mai jari yake. Ka ce mashi wata 18 takarda za ta fito, kuma ta fito cikin wata 18, zai sa cikin lissafinsa shi wuce wurin. Ka ce mashi wata 3, wata 3 ya zama 9, 9 ya zama in sha Allahu sati mai zuwa, to ba ya da abin da zai faɗa ma masu kuɗɗin da sunka turo shi, kuma a wurinsu abin da ba a iya lissafawa ya fi abin da ke da tsada muni. Akwai ƙasashe masu arziki da takardunsu sun fi namu daɗewa nesa ba kusa ba, a Amurka akwai aikin tagulla na Resolution a jihar Arizona da ya kwashe fiye da shekara goma cikin bincike da shari'a, amma kuɗɗi ba su daina zuwa can ba, saboda mai jari ya san dokar da ya tarar ita zai bari, kuma in an zalunce shi akwai inda zai kai ƙara.

To ina lokacin ke tafiya a wurinmu? Wani sashe nasa babu yadda za a yi da shi, na Allah ne, damina da rani. Ba za ka iya sanin halin ruwan wuri da zuwa guda ba. Rijiyar da na sa igiyar awo cikinta watan Oktoba na tarar da ruwa kusa, in na koma watan Mayu sai ka ga igiya na ta tafiya, mata sun yi layi da jarkoki tun kafin asalatu, ana kwarfar laka. In ban ga biyun ba ban san komi ba game da wannan rijiya, kuma ban iya ce maka ga abin da zai faru in ka haƙa furaj kusa da ita ka riƙa jan ruwan yayyafa ma hanya. Haka koramu, a ƙasar Adar da rani busasshen yashi ne yara na wasa ciki, ruwa guda mai ƙarfi watan Agusta sai shi taho da ƙarfin da zai tafi da gada, in ka tara ɓaraguzan dutsenka a bakin hanyarsa to gonar albasar mutane ta ƙasa zai kai su. Makiyaya ma haka, da damina suna arewa cikin Azawak, sai an saki gonaki bayan girbi suke gangarowa, in ka yi taron jin ra'ayin jama'a lokacin da ba su nan za ka rubuta cewa kowa ya yarda, sai watan Janairu ka ga garken shanu tsaye bakin shingenka saboda burtali ka toshe, kuma dokar kiwo ta 2010 na bayansu. Shi ya sa aiki mai nauyi ba ya yiwuwa ƙasa da zagayowar shekara, kuma mai wayo tun shina binciken dutse yake fara awon ruwa, ba sai ya gama komi ba sannan shi tuna da muhalli.

Sashe na biyu, kuma ka yi haƙuri da ni, laifin masu aikin ne da kabine ɗin da suke ɗauka. Mai aiki zai kashe ɗaruruwan miliyoyi bisa injuna amma in an zo binciken muhalli sai shi nemi mafi arha, shi ce ai takarda ce kawai. Shi kuma mai arhar ya san kuɗɗin ba su isa a kwana daji ba, sai shi buɗe kwamfuta shi ɗauko tsohon rapor na wani wuri shi canza sunan gari. Na taɓa zama atiliye bisa wani rapor na kariyar dutse a cikin duwatsun Adar, muna cikin karatu sai ga dorina da masunta cikin jerin abubuwan da aikin zai shafa, ashe daga rapor ɗin wani aiki na bakin kogin Isa anka kwafo, ko karantawa ba su yi ba. Ɗakin ya ɗauki dariya, wani dattijon ma'aikacin gandun daji ya cire tabarau ya ce a nuna mashi tabkin da dorinar take don shi kai jikokinsa kallo. An maida rapor ɗin, watanni sunka tafi, kuma na tabbata mai aikin ya koma gida shina cewa gwamnati ce ta riƙe shi. Don haka tambayar da zan yi maka, kai ka karanta rapor ɗin da anka kai da sunanka? Ko ka sa wani ya karanta maka?

Sashe na uku na birorin gwamnati ne, kuma ba zan rufe shi ba. Mutanen da ke duba dosiyen ma'adinai su ne dai ke duba na hanya, na madatsar ruwa, na gidan mai, na ayyukan Bankin Duniya da ke zuwa da nasu wa'adin da nasu matsin, hannu kaɗan aiki tuli. Dosiye na iya kwana sati da sati don mai sa hannu na misiyon, atiliye na buƙatar ranar da wakilan ma'aikatu da dama za su samu zama lokaci guda, kuɗɗin tafiyar ganin wuri mai aiki ke biya, in bai zuba ba mota ba ta tashi, wani lokaci ma shi bai san ana jiransa ba don babu wanda ya rubuta mashi. Ga tsaro, wasu wurare kamar wajen Tiliya da Tasara ba a shiga sai da rakiyar soji, ita ma rakiyar sai an nema an jira. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne gyara bisa gyara, a ba ka gyare-gyare ka yi ka maido, sai wani da bai halarci zaman farko ba shi taso da sabbi, ka sake komawa. Wannan ba kare muhalli ba ne, rashin tsari ne, ba ya ƙara ma rijiyar kowa ko guga guda.

Sai maganar fili, wadda mutane ke jingina ma takardar muhalli alhali ita daban take. Doka ta ce kafin ka karɓi gonar mutum sai an biya shi diyya, dokar 2008 ta ƙara fayyace wannan. To gonar gado ce, magada ashirin, rabi suna Abijan, wasu Libiya, wata ƙanwa na aure Ƙonni ba a gaya mata ba, babu takardar Kofo, wato kwamitin kula da filaye, mai gari na cewa ga iyaka maƙwabci na cewa a'a gawon can ne iyaka. Wannan kaɗai na iya cin shekara.

Yanzu mu dubi manyan ayyuka, tunda tambayarka ta ƙasa ce baki ɗaya. Imuraren, ɗaya daga cikin manyan wuraren uraniyom na duniya, an ba kamfanin Areva na Faransa parmin haƙa tun farkon 2009, an yi bukin aza dutse, an fara kwashe ƙasa, sai aiki ya tsaya wajen 2014 saboda farashi ya faɗi, ya zauna haka har gwamnati ta karɓe parmin daga hannun Orano, sabon sunan Areva, a Yunin 2024. Madawela kusa da Arlit, kamfanin GoviEx na Kanada ya samu parmi a 2016, shekaru sunka shuɗe ana neman kuɗɗin gini, a Yulin 2024 anka janye parmin. Azelik ta ƴan Sin, ita ma ta uraniyom, ta fara aiki ta tsaya bayan ƴan shekaru, kuɗɗi da farashi. Dasa, ita ma uraniyom, Global Atomic ta Kanada ta samu parminta a ƙarshen 2020 ba tare da dogon ja-in-ja ba, abin da ya riƙe ta rance ne da take nema daga waje, wanda ya yi ta jan ƙafa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumi da rufe iyakar Benin. A nan gida jiharmu ta Tawa, gawayin Salkadamna an aza mashi dutse a 2014, shekara goma bayan haka ba mu ga wutar ba, kuma a ganina babban dalili shi ne masu ba da rance na duniya sun juya ma gawayi baya, har Sin ta ce a 2021 ba ta ƙara gina tashar gawayi a waje. Cikin duk waɗannan wane ne takardar muhalli ta kashe? Farashi, rance, hanyar fitar da kaya, wuta, tsaro, da dangantaka tsakanin gwamnati da kamfani, su ne manyan. Ka ƙara da cewa a Janairun 2024 an dakatar da ba da sabbin izinin ma'adinai na wani lokaci don a yi bitar waɗanda anka bayar, a 2025 kuma gwamnati ta maida Somair, kamfanin haƙar uraniyom na Arlit, hannunta. Kowa na da ra'ayinsa bisa waɗannan matakai, da yawa cikinmu na ganin shekara hamsin ana kwasar arzikinmu ba mu gani a ƙasa ba, amma mai jari na waje in ya zauna lissafi waɗannan yake fara dubawa, takardar muhalli can ƙasan shafi take.

Inda jinkirin ke cizo da gaske shi ne irinku, masu matsakaicin ƙarfi, ƴan ƙasa. Babban kamfani na da mutum a Yamai wanda ba ya da aiki sai bin dosiye biro biro, na da lauya, na da numfashin jiran shekara biyu. Kai ba ka da su. Kuma abin takaicin, mai bin doka kaɗai ke jira. Wanda ya ɗauki diga da shebur ya shiga daji bai san wata takarda ba, tun da zinariyar Jado ta fashe a 2014 kowa ya ga yadda dubban mutane ke cika wuri cikin sati guda, ga Cibarkaten, ga Komabangu da ta daɗe, ana wanke ƙasa da zaiba da siyanir babu mai tambaya ina ruwan ke zuwa. Duk ranar da anka tsawaita layin masu neman izini, ana gaya ma mutane ne cewa hanyar bayan fage ta fi sauƙi. Wannan ita ce asarar da ba a lissafawa, ga muhallin ga baitulmali, har da ƙananan hukumomi da doka ta ware ma kashi 15 cikin 100 na kuɗɗin shigar ma'adinai, wanda ba ya da takarda ba ya biyan ko dala.

To a soke ta? A'a Alhaji, ko kusa. Ka je Arlit ka gani. Somair da Cominak, kamfanonin uraniyom na can, an buɗe su tun kafin a san wata dokar bincike, Cominak ta rufe a ƙarshen Maris 2021 ta bar tudun dusar uraniyom wajen tan miliyan 20 kusa da Akokan, wanda sai an rufe shi an yi ta sa ido bisa ruwan ƙarƙashinsa shekaru masu yawa, ƙungiyoyin garin irin su Aghirin'man sun daɗe suna kuka bisa ruwa da ƙura da ƙarafan da anka sayar a kasuwa. Ka tuna Zamfara a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Bagega. Ka tuna Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi, Nuwamban 2021, rami ya rufta da mutane, aƙalla 18 sunka rasu. Na san jips ba uraniyom ba ne, ba guba gare shi ba, amma ramin da ka bari buɗe zai cika da ruwan damina, yaro ko saniya su faɗa, ƙurar kamiyo za ta kwanta bisa ganyen albasa da cikin ƙirjin mutanen da ke bakin hanya, waɗannan ƙananan abubuwa su ke tada gari.

Kuma ko gwamnati ta yafe maka, banki ba zai yafe ba. Manyan bankuna da yawa da ke ba da rancen irin wanga aiki na bin ƙa'idodin IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da ƴan kasuwa, ko ƙa'idodin Ikwaita da bankuna sunka sa ma kansu tun 2003, kuma nasu binciken ya fi namu tsanani. Shi abokin naka na waje, in da gaske yake, ba zai so a soke takardar ba, ita ce garkuwarsa. A Panama ma'adinin tagulla da anka kashe ma wajen dalar Amurka miliyar 10 an rufe shi a ƙarshen 2023 bayan jama'a sun cika tituna kotun ƙoli ta soke yarjejeniyar, aiki na tsakiyar gudana. Jinkirin kafin a fara da tsayawar bayan an zuba kuɗɗi ba a haɗa su.

Batun a bari sai aiki ya kankama kuwa, kanka za ka cuta. Amfanin awon farko shi ne shaida. In an auna zurfin ruwan rijiyoyin ƙauyen da ɗanɗanonsa kafin ka fasa dutse, an ɗauki hoton tsagar da ke bangon gidajen tun da, an sa hannu da mai gari, to ranar da rijiya ta ƙafe saboda damina ba ta yi kyau ba kana da abin nunawa. In babu, duk abin da ya lalace a garin daga ranar da kamiyonka ya shigo kai ne, kuma ba ka da bakin musu gaban perfe.

Abin da ya kamata a gyara a ganina ba mai wuya ba ne. Kariyar jips ko ta tsakuwa bai kamata ta bi layi guda da ma'adinin uraniyom ba, ƙananan dosiye a bar ma ma'aikatun muhalli na jihohi su gama su nan Tawa ko Maraɗi ko Damagaram, a ba su mota da mai da kayan awo. Kowane mataki shi zama da wa'adin da ake mutuntawa, mai aiki shi iya sanin teburin da dosiyensa yake ba sai ya san wani ba. Gyare-gyare a tara su a ba da sau guda. Kabine ɗin da anka kama da kwafe a dakatar da shi. Wasu ma haka sunka yi, Tarayyar Turai a dokarta ta 2024 ta sa iyakar wata 27 ga izinin manyan ayyukan haƙa da ta ɗauka da muhimmanci, Amurka a 2023 ta sa shekara 2 ga babban bincike har da iyakar yawan shafuka, ba wanda ya soke binciken, agogo sunka ɗaura mashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa in wa'adi ya cika biro bai amsa ba to a ɗauka an yarda, ga ƙaramin aiki wataƙila, amma ga wanda zai tara guba bisa ruwan shan gari shirun ma'aikaci ba zai zama izini ba. Kuma ni babban kukana ma ba kafin takarda yake ba, bayanta yake. Duk ƙarfinmu muna ƙarar da shi wajen gardamar shafi da layi cikin ɗaki mai sanyi, ranar da satifiket ya fito sai rapor shi shiga kabad, yayyafin ruwan da anka yi alkawari, itacen da za a dasa, ramin da za a cike, ba kullum ake komawa a duba ba. Da za a rage rabin lokacin zaman a maida shi zuwa ganin wuri bayan an fara aiki, da mai jari ya samu sauƙi, mutanen ƙauye ma sun fi amfana.

Kai kuma ga abin da zan ce ka yi cikin satin nan. Ka daina tambayar takarda ta fito, ka tambayi a wane mataki take, TDR ne ba a amince ba, ko misiyon ake jira, ko atiliye, ko gyara na hannun kabine ɗinka, ko sa hannu ya rage, don sau da yawa ƙwallon na wajen mai aiki bai sani ba. Ka rubuta wasiƙa ka kai da kanka ko wakilinka a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata, waya da gaisuwa ba su barin shaida. Ka tabbatar da ajin da anka sa ku, in kuna ganin ya fi ƙarfin aikinku ku nemi bayani a rubuce. Ka bincika ko akwai kuɗɗin hukuma da ba a zuba ba, kuma komi ka biya ka karɓi rasit, duk wanda ya ce ka ba shi wani abu shi tura maka dosiye ta bayan fage ka rabu da shi, takardar da ta fito ta haka ita ake fara sokewa ranar da kujera ta canza. Kada ka kawo inji ko ka sa hannu bisa haya sai takarda na hannu, maganar fili da magada kuwa ka fara ta yanzu ba sai an gama ba. Shi kuma abokin naka ka ba shi jadawali na gaskiya, ga abin da anka gama ga abin da ya rage, ku rubuta cewa kuɗɗinsa za su shigo kashi kashi gwargwadon yadda matakan ke cika, hakan ya fi ka yi ta ce mashi an kusa.

In ka samu dama ka turo min TDR ɗin da rapor ɗin da wasiƙar ƙarshe da kunka samu daga Yamai, in duba in gaya maka inda abin ya maƙale. A gaida mutanen gida.